Tsumman Manaja

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana sauraren ƙasa. Aikinsa ke nan a kamfanin ruwa. Yakan fito da sassafe kafin motoci su cika titi, ya kafa sandar ƙarfe a kan kwalta, ya ɗora kunne a kan katakon da ke samanta, ya yi shiru. Idan bututu ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, ruwan da ke tserewa yana da wata 'yar ƙara kamar ana suya a gidan maƙwabta. Shi yake jin ta, ya nuna wa leburori inda za su haƙa. Tun farkon fara aikinsa abokan aiki suka laƙaba masa Kunne, da furfura ta fito suka ƙara masa Baba a gaba.

A shekarar da ya cika hamsin da tara ya nuna wuri sau biyu cikin wata ɗaya, aka fasa kwalta, aka haƙa har ƙugu, aka tarar da ƙasa a bushe ƙamas. Leburorin suka mayar da ƙasar suna kallon wani gefe. Da ƙafarsa ya je asibiti, aka toshe masa kunnuwa da wata na'ura, aka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ya daɗe zaune hannunsa na kan cinya. Likitar ta ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sahu.

Shugabar sashensu, wadda kowa ke kira Injiniya, sa'ar 'yarsa ce. Ta kira shi ofis, ta tashi da kanta ta rufe ƙofa.

"Baba Kunne, saura wata goma sha huɗu ka yi ritaya, ba zan bari a sallame ka a kan wannan ba," ta ce, tana ɗaga murya fiye da yadda ta saba, har kunya ta kama shi. "Akwai wani aiki a tsohuwar tashar tura ruwa. Amma fa kare ne."

"Me kika ce?"

"Kare!"

Ta yi masa bayani a hankali. Kamfanin ya karɓo karnuka biyu daga wata makarantar horarwa. An koya musu warin maganin da ake zuba wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta. In bututu na yoyo, warin yakan hawo ta cikin ƙasa, karen ya ji, ya zauna a wurin. Ladansa kuwa wasa ne: ya gano, a jefa masa ƙwallo. Macen tana ta aiki, don in ta ga ƙwallo kamar za ta haukace. Namijin ya fi ta hanci, in ji takardarsa, amma ƙwallo ba ta dame shi ba. In an jefa sai ya bi ta da ido har ta tsaya, sannan ya yi hamma. Leburori suka sa masa suna Manaja, tunda ya iya zama a inuwa yana kallon wasu suna aiki. An ba shi wata uku, in bai canza ba za a mayar da shi.

"Ranki ya daɗe, ni ko shafa kare ban taɓa yi ba."

"Akwai wanda zai riƙa zuwa yana nuna maka. Mai haƙuri ake nema, Baba, kuma ban san wanda ya kai ka ba."

Tashar tana can bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Ɗakin injuna ne babba, da ɗan ɗakin mai gadi, da fili mai tsakuwa da aka zagaye da waya. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, 'yarsa tilo kuma tana aikin jinya a wani gari mai nisa tare da mijinta. Ba abin da ke jiransa a ɗakuna biyun da yake haya a cikin gari, don haka ya kulle su, ya ɗauko katifa da butar shayi da rediyon da yanzu sai ya manna shi a kunnen dama. Injunan tashar suna aiki dare da rana. Ba ya jin kukansu sosai, a tafin ƙafa yake jin su.

Manaja yana kwance a ƙofar kejinsa lokacin da ya iso. Baƙi ne mai ja a ƙirji da ƙafafu, dogo, kunnensa ɗaya a tsaye ɗaya a karye. Ya ɗaga kai ya dube shi, ya mayar da haɓa kan ƙafafunsa.

"Sannu da aiki, Manaja," in ji Baba Kunne. Ya ajiye katifarsa.

Ran Laraba mai horarwar ya zo a kan babur. Tsohon ɗan sanda ne, gajere mai tumbi, ya yi shekara ashirin a sashen karnuka, har yanzu Saja ake ce masa. Kusan sa'o'in juna ne, shi ya sa tun gaisuwar farko suka fara tsokana.

"To, Malam Kunne, nuna mini yadda kake yi."

Baba Kunne ya ɗauko ƙwallon roba, ya durƙusa, ya kai ta bakin karen. "Ungo. Kama mana. Ungo!" Manaja ya kau da kai. Ya bi shi da ita ta ɗaya gefen, karen ya tashi ya koma bayan keji.

Saja ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Kai, mutumina! Ka taɓa ganin zomo ya rugo da gudu ya faɗa bakin kare? Ai abin da ke gudu shi ake bi. Kai kuma kana cusa masa kamar mai ba yaro magani."

"To ya zan yi?"

"Da farko ɓoye ƙwallon nan, ya gaji da ganinta. Kwano ma ajiye shi, a hannunka zai riƙa cin abinci. Sannan ka zuba masa ido. Ba karen da ba shi da abin da ke motsa shi, sai dai ba a gano ba."

Haka aka yi. Safe da yamma Baba Kunne yakan zauna a kan bulo ya miƙa tafi cike da abincin karen, ya ji ɗumin numfashi da jiƙaƙƙen harshe a fatarsa, sannan ya je famfo ya daɗe yana wanke hannu da sabulu. Sauran yinin yakan zuba ido kamar yadda aka ce. Ƙadangare ya wuce a kan bango, Manaja ya motsa kunne ɗaya kawai. Tsuntsaye suka sauka a fili, bai ko tashi ba. Sati biyu suka wuce. Ban da Saja da direban da ke kawo buhun abinci ran Asabar, ba mai shigowa.

'Yarsa takan kira ran Lahadi. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Tun da kunnen ya lalace hirarsu ta koma guntaye, ita tana ihu, shi yana cewa "eh, eh" a kan abin da bai ji ba.

"Baba, na ce kana cin abinci kuwa?"

"Lafiya lau, Uwata. Ya yaran?"

"Baba, wai da gaske kare suka ba ka? Bayan duk shekarun nan?"

Wannan ya ji shi sarai. "Aiki ne," ya ce. "Yana da hankali, ba ya damun kowa."

Ta yi wata doguwar magana wadda bai kama komai a ciki ba sai sunan mijinta da kalmar asibiti. Ya ce eh. Da ta kashe wayar ya zauna yana kallonta a hannunsa har hasken ya ɗauke.

A sati na uku, wata safiya, yana goge daɓen ɗakin injuna. Tsumman da yake amfani da shi hannun tsohuwar shuɗiyar rigar aikinsa ne, ya ɗaure a bakin sanda. Ya bar ƙofa a buɗe don daɓen ya sha iska. Yana jan tsumman ta bayan gindin inji, ya zagayo da shi, ya sake ja, sai ya ji sandar ta yi nauyi. Ya zaci ƙusa ce ta kama. Da ya waiwaya, ga Manaja tsaye, ya danne tsumman da ƙafar gaba, kansa a karkace, har karyayyen kunnen ya ɗan miƙe.

"Yauwa!" Baba Kunne ya daka ihu, bai san ƙarfin muryarsa ba. "Yauwa, Manaja! Kama shi! Kama!" Ya shiga kaɗa tsumman a fuskar karen. Manaja ya ja da baya, ya dube shi kamar an zage shi, ya fita ya kwanta a ƙofar keji.

Da ya ba Saja labari ran Laraba, Saja ya dafe kai. "Allah ya kawo maka, kai kuma ka kore da baki. To ba komai, mun dai san yanzu tsumma yake so, kuma sai ya ɓuya masa. Kawo wancan bututun."

Suka yanko siririn bututun roba mai tsawon mutum, suka zura igiya ta ciki, suka ɗaure tsumman a bakinta. Saja ya nuna masa. Tsumman zai bi ƙasa, ba sama ba. Zai yi gudu, ya tsaya cak, ya ɗan yi rawa, ya shige bayan bulo ya bar jelarsa a waje. Kullum nesa da karen zai nufa.

"Ka zama ɓera, Malam Kunne. Ka san ɓera ai?"

"Mun yi zaman haya tare."

"To shi. Kuma bakinka a rufe. Minti biyu kacal. In ya kama, ka sakar masa ya yi nasara, ya zaga da shi yana taƙama. Sannan, wannan shi ne mai wuyar, ka ɗauke tun yana so. Ka kulle a kabad yana kallo. Kada ka bari shi ya fara gajiya."

Washegari Baba Kunne ya tsaya a tsakiyar fili da bututu a hannu, yana jin kansa kamar wawa. Ya ja tsumman a kan tsakuwa. Manaja ya kalla daga kwance. Ya shigar da shi bayan bulo ya bar shi. Shiru. Ya ɗan motsa jelar. Karen ya tashi kamar wanda aka tilasta, ya tako, ya leƙa, ya sa ƙafa. Ba abin da ya ƙara yi ran nan. Baba Kunne ya cije leɓe, ya naɗe igiyar, ya kai kabad.

Bayan kwana biyar karen ya yi taku uku da sassarfa. Bayan sati ya sa baki ya ɗauka, ya riƙe kamar abin zai ƙona shi, ya saki. Baba Kunne ya fara gane abubuwa da kansa. Jiƙaƙƙen tsumma ya fi busasshe jan hankalinsa. Da safe kafin ya ci abinci ya fi kuzari. In tsumman ya kuɓuce masa sau biyu sai ya ƙara zafi, in ya kai sau huɗu sai ya yi zuciya ya tafi. Gwiwoyinsa suna ciwo saboda juyi a kan tsakuwa, kafaɗarsa ta dama ta riƙe. Wata Asabar direba ya shigo ya same shi a sunkuye yana lallaɓawa a bayan tankin mai, yana jan tsumma.

"Baba, lafiya? Ko in kira gida?"

"Sauke buhunka ka tafi, ina aiki."

Direban ya tafi yana dariya, kuma Baba Kunne ya san kafin azahar labarin zai zaga ofis. Bai damu ba. A ranar ne Manaja ya fara ja. Ya kafe ƙafafu, ya ja igiyar da ƙarfi, Baba Kunne ya ji ta har cikin kafaɗa, ya ɗan riƙe, sannan ya saki. Karen ya zaga fili da tsumma a baki, jela sama, yana satar kallonsa.

Lahadin da ta biyo baya 'yarsa ba ta kira ba. Ya ajiye wayar a kan taga inda zai ga haskenta, ya sha shayi, ya wanke kofin, ya share ɗakin da ya riga ya share. La'asar ta yi. Ya sani aikin jinya ba shi da Lahadi, ya faɗa wa kansa haka sau da yawa. Daga ƙarshe ya buɗe kabad ya ɗauko bututun, ko da yake sun riga sun yi na safe.

Wasan ya yi daɗi. Manaja ya bi, ya kama, ya ja. Minti biyu suka wuce, Baba Kunne ya ce bari a ƙara ɗaya. Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Yana dariya shi kaɗai, gumi na zuba, yana yi wa karen maganganun da bai yi wa kowa ba cikin shekara uku. Bai lura da lokacin da gudun karen ya ragu ba. Sun fi rabin awa lokacin da Manaja ya saki tsumman a tsakiyar fili, ya juya baya, ya tafi ya kwanta. Baba Kunne ya bi shi da shi har ƙofar keji yana kaɗawa. Karen ya rufe ido.

Litinin bai kalli tsumman ba. Talata ma haka.

Saja bai yi dariya ba wannan karon. Ya zauna a kan babur ɗinsa ya saurara har ƙarshe.

"Ran nan wa yake son wasan, kai ko shi?"

Baba Kunne ya juya ya dubi keji. Saja ya ci gaba.

"Ni ma na taɓa yi, kada ka ce ina maka faɗa. Amma saura sati biyar, kuma abin da zan faɗa ba zai maka daɗi ba. Kwana huɗu kada ya ga tsumman nan. Ka bar shi a keji, ban da fitar safe da yamma. Kada ka zauna kusa da shi, kada ka yi masa hira, kada ka shafa shi. Ya yi kewa. In ya samu komai a wurinka kyauta, me zai sa ya yi gudu?"

"Mu biyu ne kaɗai a nan, Saja."

"Na sani, mutumina."

Kwanakin nan huɗu sun fi duk sauran tsawo. Yakan fitar da karen, ya zaga da shi bakin waya ba magana, ya mayar, ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa. Ta tsagar ƙofar yana hango shi, kwance, idonsa a kan ɗakin. Da can ya saba zama a kan bulo da kofin shayi, karen na gefensa, kowa na kallon gabansa. Yanzu a bakin katifa yake shan shayin. 'Yarsa ta kira ran Alhamis tana ba da haƙuri, an riƙe ta a wurin aiki ne. Ya ce ba komai, ai bai ma lura ba.

A rana ta biyar da safe ya buɗe keji ya nufi ɗakin injuna. Manaja ya riga shi isa. Ya tsaya gaban kabad, ya dubi ƙofarsa, ya dubi Baba Kunne, ya sake duban ƙofar. Baba Kunne ya ɗora hannu a kan mariƙin, bai buɗe ba, kamar yadda Saja ya ce. Karen ya taka ƙafa, ya zaga, ya dawo. Sai ya ga bakinsa ya buɗe, wuyansa ya motsa, ƙirjinsa ya girgiza. Wata ƙara ta iso masa can ƙasa-ƙasa, kamar daga bayan bango. Haushi yake yi. Wata biyu suna tare, bai taɓa yi ba. Baba Kunne ya durƙusa ya sa tafi a ƙirjin karen, ya ji na biyu da na uku a hannunsa, sannan ya buɗe kabad.

Minti ɗaya da rabi suka yi. Ya ɗauke tsumman karen na tsalle yana neman ƙari, ya kulle, ya fita ya tsaya a rana har numfashinsa ya daidaita.

Daga nan abin ya yi sauri. Saja ya kawo gwangwanaye shida masu huda a murfi, biyar da ruwan sama, ɗaya da ruwan famfo. Aka cire tsumman daga igiya, aka ƙulle shi ya zama dunƙule, ya koma aljihun Baba Kunne. Karen ya riga ya san warin tun daga makaranta, dalilin nema ne bai da shi. Yanzu ya gane in ya zauna a gaban gwangwanin da ya dace, tsumma zai faɗo daga sama. Suka binne gwangwanin a tsakuwa, suka binne a bayan waya, suka binne a cikin ciyawa. Wani lokaci yakan yi kuskure, wani lokaci lalacin ya motsa ya nemi inuwa, amma ba ya daɗewa.

Ranar gwaji Injiniya ta zaɓi wani dogon layi na masu walda da teloli, inda aka san ruwa na ɓacewa amma ba a san ta ina ba. Ta zo da leburori huɗu, suka jingina da mota suna jira su ga abin dariya. Manaja ya sauko, ya shinshina taya, ya yi taku ashirin, wani mai walda ya kunna injinsa, tartsatsi ya tashi. Karen ya shige ƙarƙashin wata rumfa ya kwanta.

"Manaja ya shiga ofis," in ji ɗaya daga cikin leburorin. Baba Kunne bai ji ba, amma ya ga haƙoransu.

Injiniya ta dubi agogo. Shi bai ja igiyar wuyan karen ba, bai yi magana ba. Ya tsaya ya bar karen ya kalli tartsatsin har ya ishe shi. Sannan ya zaro bakin tsumman daga aljihu, kamar faɗin yatsa biyu, ya bari ya gani, ya mayar, ya juya ya fara tafiya. Igiyar ta yi sako-sako a hannunsa, sai ga karen ya wuce shi, hanci a ƙasa.

Sun yi kusan rabin layin. A gaban shagon wani tela karen ya tsaya, ya koma baya, ya zaga wani wuri da ba shi da bambanci da sauran, ya hura hanci a wata 'yar tsaga, ya zauna. Ya ɗago ya zuba wa aljihun ido. Baba Kunne bai san ko daidai ne ba, ba shi da hanyar sani. Ya jefa tsumman.

Leburori suka fasa wurin da rana tsaka. Da suka kai gwiwa ƙasar ta yi duhu, da suka kai cinya ta zama taɓo. Telan ya fito da almakashi a hannu yana cewa shi dama ya daɗe yana mamakin yadda bangonsa ke jiƙa.

Bayan sati ɗaya Injiniya ta zo tashar da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ƙi zama a kan kujerar da ya ba ta. Ta ce an amince Manaja ya shiga aiki. Ta ce amma dokar kamfani ba ta yarda wanda ba ya jin ƙarar mota ya yi aiki a kan titi da kare ba, ta yi ta fama da su, sun ƙi. Wani ma'aikaci da ke karanta mitar ruwa a gidaje, magidanci mai 'ya'ya uku, shi zai karɓe shi.

"Baba, wallahi ban so ba."

"Gaskiyarsu ne," ya ce. "Ran nan ma sai da babur ya kusa taka mu, ban ji zuwansa ba. Turo shi in koya masa."

Sati biyu Mai Mita yana zuwa kullum. Mutum ne mai natsuwa, yana saurare, ko da yake hannunsa na da gaggawa. Baba Kunne ya koya masa yadda tsumma ke gudu da yadda yake ɓuya, da jiƙa shi kafin a fara, da daina wasa tun ana so. Da farko in Mai Mita ya ja tsumman sai karen ya kama ya kawo wa Baba Kunne. Saja ya ce maganin wannan ɗaya ne. Don haka Baba Kunne ya riƙa tsayawa a jikin waya, hannuwa a baya, yana kallon sama, karen ya zo ya tura masa tsumma a gwiwa, shi kuwa kamar gunki. A rana ta shida karen ya daina kawowa.

Ranar da mota ta zo ɗaukarsa, Mai Mita ya jefa tsumman cikin kejin bayan motar, Manaja ya daka tsalle ya bi shi. Aka rufe. Mai Mita ya riƙe hannun Baba Kunne da hannu biyu yana godiya, ya ce zai riƙa kawo shi gaisuwa. Ya kawo shi sau ɗaya, daga baya aka mayar da su wani reshe a ɗaya gefen gari.

Baba Kunne ya ƙarasa watanninsa a tashar yana duba injuna, ya yi ritaya, ya koma ɗakunansa na haya.

Wata rana, bayan kusan shekara, ya shiga bas zai je sayen kwan fitila da sabon kwaɗon ƙofa. Yana zaune ta taga sai ya hango motar kamfani a gefen titi, da Mai Mita cikin rigar aiki, da baƙin kare a zaune a kan kwalta ya ɗaga kai. Ya ga hannun Mai Mita ya shiga aljihu. Bas ɗin ta wuce. Ya buga jikin motar yana cewa a tsaya, yaran da ke kusa da shi suka nuna masa da hannu cewa sai an kai tasha. Tashar da nisa. Ya sauka ya dawo da ƙafa, yana sauri gwargwadon yadda gwiwoyinsa suka yarda.

Da ya iso sun tafi. An zana da'ira da jan fenti a kan kwalta, bai ma bushe ba. Ya tsaya a kanta yana haki.

Wata mata mai shagon kayan robobi a wurin ta leƙo. "Baba, lafiya? Wani abu ka yar?"

"Karen nan da ya zauna a nan," ya ce, "ni na koya masa wasa."

Ta faɗi wani abu, bai ji ba. Ya juyo mata kunnen dama, ta maimaita, bai ji ba dai. Sai ta shiga ciki ta fito da kujerar roba sabuwa, ta cire mata leda, ta ajiye masa a inuwa. Ya zauna. Ta koma wurin cinikinta, shi kuma ya huta har gumin ya bushe, sannan ya tambaye ta inda ake sayar da kwaɗo a nan kusa.